Gayyar da Baba Ya Kwasa Zuwa Gusau

Bana ruwa ya yi mana rowa a Tsafe. Hadari zai haɗu da la'asar, ya yi baƙi ƙirin ta gabas, mata su kwashe shanya a guje, sai iska ta zo ta watsa shi a bar mu da zufa. Ina zaune ƙofar gida cikin irin wannan zafin Rukayya ta iso, ɗiyar ƙanwata da ke ajin ƙarshe a jami'a, ta miƙo mini takarda da biro. Wai ɗalibai ne ke son tsofaffin ɗalibai su sa musu hannu. Suna neman a yi musu bikin yaye na gaskiya, a kira kowa da sunansa, ba a shanya su a rana ana yabon manya ba. Na sa hannu, don suna da gaskiya. Amma da ta tafi sai na kasa tashi daga tabarmar. Wannan faɗan mu ma mun yi shi shekarun baya, a wata damina mai kama da wannan, kuma mun yi nasara. Da ma ba mu yi ba.

Ni mutumin Karakkai ne, ta ƙasar Bungudu. Mahaifina Malam Garba manomi ne, bai san boko ba, ko alif ɗinsa. Ina shekara bakwai yayan Inna, Kawu Alhaji Mamman, ya ɗauke ni riƙo zuwa gidansa a Damba, cikin Gusau. Ranar da ya kai ni firamare hedimasta ya ɗaga biro ya ce, "Sunan uba?" Kawu ya ce, "Mamman." Ba da wata mugunta ba, ina jin. Shi ya kawo yaro, shi za a nema in yaro ya yi laifi. Daga ranar na zama Lawali Mamman Damba a takarda, kuma sunan ya bi ni sakandare, ya bi ni jami'a. Inna ta sani ta yi shiru, don ɗan'uwanta ne. Baba bai sani ba. A Karakkai ni Lawalin Garba ne, kuma ba wanda ya taɓa ce mini in kawo takarda ya gani.

Shekarar da muka gama karatu, azumi ya faɗo a farkon damina. Kafin nan an sha bazara mai tsawo. Baba ya yi binne tun ƙasa na da zafi, ya zuba iri a busasshen rami yana jiran sama, aka yi yayyafi guda wanda bai kai ya jiƙa ba, iri ya tsiro ya ƙone. Aka sake shuka da geron da ya kamata a ci. Rumbun gidanmu ya kai inda sai Inna ta shiga da kanta ta share gindinsa da tsintsiya. Ina zuwa gida lokaci-lokaci, don mun gama jarrabawa muna jiran biki, kuma na san yadda kwanakin suke tafiya. A yi sahur da ɗumamen tuwo, in akwai. Ana sallame asuba Baba da yayana Sale su saɓa hauya. Kafin hantsi ya dubi ludayi sun yi aikin da za su iya, su dawo leɓe a bushe su kwanta ƙarƙashin itacen bedi kamar an jefar da su. Mata su fita bayan gari su yago tafasa da yaɗiya, a dafa, a matse, a murza ɗan ƙuli-ƙuli a kai. Da magariba kunu ne tsararo, wanda kana ganin gindin kwano ta cikinsa, sai kwaɗon ganyen nan.

A Gusau kuwa mu faɗanmu daban. Mun ga yadda aka yi wa na gabanmu. An tara su tun safe cikin baƙaƙen riguna, manya suka zo bayan azahar, aka rataya wa masu kuɗi digirin girmamawa, makaɗa suka yi ta wasa su, sannan wani ya ce duk ɗalibai su miƙe, ya ce an yaye su, su zauna. Shi ke nan! Iyayen da suka zo daga ƙauye suka koma ba su ma ga 'ya'yansu ba. Muka ce wallahi mu ba za a yi mana haka ba. Muka kafa kwamiti. Hadiza, wata 'yar 'Yankuzo mai baki kamar reza, ita ce shugaba, ni ne magatakarda. Ni na rubuta takardun koke, ni na yi ta hawa benen ofis da azumi a bakina. Abin da muke faɗa a kowane taro guda ne: a kira kowa, shi da sunan ubansa, uban ya ji da kunnensa. Ni na ƙirƙiro maganar nan, ni Lawali, kuma ina alfahari da ita. Da muka ce in ba haka ba ba mai sa riga, filin ya zauna wayam a gaban baƙi, sai hukumar makaranta ta sauko. Aka ce za a kira kowa.

Washegari na hau mota zuwa Karakkai kaina a kumbure. Na tarar an yi ruwa mai kyau sau biyu, gero ya kai tsawon ɗan yatsa, ciyawa ta taso tare da shi. Bayan an sha ruwa muna zaune a zaure da Baba da Sale da maƙwabta, sai na buɗe baki.

"Baba, mun tilasta musu. Kowane ɗalibi za a kira shi a lasifika, shi da sunan ubansa, gaban manyan jiha duka."

Baba ya ajiye kwanon kunu. "Mi ka ce? Sunan ubansa?"

"Sunan ubansa."

"To ashe ni za a kira." Ya juya ga mutane yana dariya, haƙoransa na goro duk a waje. "Kun ji? Garba za a hwaɗi cikin Gusau. Ni da ko mai unguwa sai ya ga dama yake tuna sunana!"

A daidai wannan lokacin abin ya faɗo mini. Ba zan ce na manta ba. Sunan Mamman ya daɗe a jikina har na daina jin sa a matsayin sunan wani. Da na yi magana a wurin, da an yi ɓacin rai na kwana biyu an wuce. Na dubi fuskarsa na dubi maƙwabta, na yi murmushi na ce, "In sha Allahu."

Ga inda abin ya ƙara lalacewa. A garinmu noman farko da gayya ake yin sa. Magidanta su zauna su raba kwanaki, yau gonar wane, gobe gonar wane, kowa ya fito da hauyarsa a taru a nome maka a safiya guda abin da kai kaɗai sai ka yi mako uku. Da azumi ba a kai abinci gona, sai dai mai gayya ya aika wa kowane gida fura da magariba. Ranarka ranarka ce. In ta wuce ba a dawo maka da ita, don na bayanka ma ciyawa na cin nasa. Yanzu wannan duk ya tafi, masu hali feshi suke yi, gonakin nesa kuwa ba mai zuwa don tsoro. A lokacin gayya ita ce ran talaka. Kuma ranar gayyar Baba, Asabar, ita ce ranar bikinmu.

Sale ya ce a nemi musanya da wani. Ba wanda ya yarda, kowa na tsoron ciyawa. Sale ya ce to Baba ya tafi shi kaɗai, shi zai tsaya wa masu gayya. Baba ya ce ina! Abin da za a ji sau ɗaya a duniya, shi kaɗai zai ji, ya dawo ya ba da labari a ce ƙari ya yi? Ya bi gidajen masu gayyar ɗaya bayan ɗaya ya ce ranar da suka ba shi tana nan, amma ba gona za su ba, Gusau za su raka shi. Ya sayar da tunkiyar Inna ya yi shatar motar a-kori-kura. Sale ya yi faɗa har muryarsa ta dushe.

"Baba, gero fa! Mi za mu ci?"

"Gero kowace shekara ana shuka shi," in ji Baba. "Ka bar ni."

Inna tana bakin murhu tana jin su. Ta ɗago ta dube ni, na dube ta, kowa ya sunkuyar da kai.

Na koma Gusau kamar mahaukaci. Na je ofishin da ake ajiye sunaye na roƙi ma'aikacin ya canza mini ko a takardar kira kawai. Ya ce sunan da ke kan shaidar karatu shi za a kira, in ina da magana in je kotu, kuma ba aikin kwana huɗu ba ne. Daga nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na je wurin Hadiza na ce mata ina ganin mu sassauta. Ga azumi, ga rana, sunaye da yawa, tsofaffi za su wahala, ko a kira na kowane sashe a dunƙule. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Lawali, nawa suka ba ka?"

"Haba Hadiza."

"Kai ka ce uba ya ji da kunnensa. Nawa uban tun jiya yake wankin rigarsa. In an saye ka ka faɗa, mu nemi wani magatakarda."

Na fita. Ina iya hawa mota in je Karakkai in faɗa wa Baba, tafiyar ba ta da nisa. Sau biyu ina zuwa tasha ina juyowa. Na koma ina roƙon Allah lasifika ta lalace, ko a yi ruwa a watse, ko hayaniya ta hana shi ji. Ka ji addu'ar mai digiri.

Ranar Asabar gari ya waye ba ko gajimare. Tun hantsi zafi ya fara dukan ƙeya. Rigar yayen baƙa ce mai kauri, zufa na bin bayana har cikin takalmi, harshena kamar tsumma. Katin shiga rumfar iyaye guda ake ba kowa, kuma an aika nawa adireshin da ke fayil, wato Damba. Kawu yana cikin inuwa kan kujera, babbar rigarsa na ɗaukar ido. Mutanen Karakkai suka iso a tsaye bayan mota, masu gadi suka nuna musu bayan igiya, cikin rana tsantsa. Daga layinmu ina hango su. Baba ya sa farar rigarsa ta Sallah wadda Inna ta yi wa bula, ya naɗa rawani, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Sauran sun yi carko-carko, wasu sun ɗora gefen riga a ka. Kusa da Baba Ɗan-Ige ne, abokin wasansa tun suna yara, mutumin da bakinsa bai taɓa ajiye magana ba.

Aka yi jawabai, aka yi na manya, sannan aka fara kiran mu. Kai, ranar na ga abin da muka yi wa faɗa, kuma yana da kyau, ba zan ɓoye ba. A kira suna, ka ji guɗa ta tashi daga wani lungu. Wani tsoho ya faɗi ya yi sujada a ƙasa mai zafi. Da aka kira Hadiza ubanta ya ɗaga sandarsa sama yana kuka kamar yaro. Lasifikar kuwa ranar lafiyarta ƙalau, kowane harafi na fita tar har bakin titi.

Sashenmu ne kusan na ƙarshe. Da layi ya matso da ni gindin dandamali Baba ya gane ni. Na ga ya dafa kafaɗar Ɗan-Ige, ya matso har igiya ta taɓa cikinsa, ya ɗaga hannu yana yi wa mutanensa alamar su yi shiru.

"Lawali Mamman Damba."

Na hau. Daga rumfa Kawu ya miƙe, na kusa da shi suna miƙa masa hannu, matansa da ke tsaye gefen rumfar suka rangaɗa guɗa. Daga bayan igiya ba abin da ya tashi. Da na sauko ta gefensu hanyar take, dole in wuce su, kuma da kunnena na ji muryar Ɗan-Ige.

"Garba, wanga ba Lawalinka ba ne? To wane ne Mamman? Ko kai ne anka canza wa suna ba mu sani ba?"

Wani ya yi dariya, wani ya ce a yi shiru. Hannun Baba yana sama har lokacin. Ya sauke shi a hankali. Bai dube ni ba. Ya tsaya nan a rana har aka kira sunan ƙarshe, yana sauraron sunayen iyayen mutane ɗaya bayan ɗaya.

Da aka tashi ya ratsa taro har rumfa. Ina biye da shi ina "Baba, Baba," kamar ba da shi nake ba. Ya isa gaban Kawu ya rage tsawo ya miƙa hannu biyu.

"Alhaji, na taya ka murna. Ɗanka ya gama. Allah Shi sa albarka."

Kawu ya rikice. "Haba Malam Garba, ai ɗanka ne, mu riƙo munka yi."

"A'a, Alhaji. Mun ji da kunnenmu. Duk mun ji."

Ya juya ya ce wa mutanensa su zo su tafi. A nan ya kamata in tuɓe rigar in haye motar nan tare da su. Sai Kawu ya riƙe hannuna ya ce an yi girki a gida, baƙi na jira, ga mai hoto. Na bi shi. Wallahi na bi shi. Ina tsaye ana ɗaukar mu hoto motar ta wuce, suna tsaye a baya sun riƙe ƙarfe, farar rigar tana tsakiya.

Ruwan da na roƙa ya zo bayan la'asar, lokacin da ba shi da amfani a gare ni. Ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ni ina falon Damba, aka kira magariba, aka jera kaji da ƙosai da kankana. Su kuwa, daga baya Sale ya gaya mini, motar ta kafe a laka bayan Bungudu, suka sauka suna turi, a nan suka sha ruwa da abin da suka tara a tafin hannu. Ba wanda ya yi wa Baba magana har gida. Furar da ya kamata ya aika wa gidajen masu gayya ya aika, don ya ce ranarsu ya ci.

Kwana uku ana ruwa. Ranar na huɗu na yi ƙarfin hali na tafi Karakkai. Na bi ta gona kafin in shiga gari. Gonakin maƙwabta an nome su tas, kunya-kunya, ƙasa ja tana ƙamshi. Tamu kuwa ciyawar harkiya ta rufe ta, sai ka sunkuya ka buɗa ciyawa kafin ka ga geron, ya yi rawaya ya siririce. Baba da Sale suna can tsakiya su biyu. Na tuɓe takalmi na ɗauki hauyar da ke gindin itace. Baba ya ɗago.

"Sale, karɓi hauyar nan. Ɗan Alhaji bai saba ba, kar hannunsa shi yi kanta a ce mu munka ja."

"Baba, don Allah ka saurare ni."

"Ka isa gida, rana na da zahi. A shimfiɗa maka tabarma a zaure."

Na zaci fushi ne na kwanaki. Na gwammace ya zage ni, ya ɗauki sanda. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Baƙo ya mai da ni, kuma ya yi mini karamcin baƙo har ƙarshe. Daminar nan kashi ɗaya cikin uku na gonar suka iya cetowa. Da marka ta zauna, sama a rufe kwana da kwanaki, itace a jiƙe, hayaƙi na cin ido, gidanmu aka koma dusa da ganye. Ƙannena mata wuyansu ya yi tsawo. Amma duk ranar da na zo, Baba zai sa Inna ta nemo tsabar gero ko daga ina, a tuƙa tuwo malmala guda, a kawo mini zaure a kwano mai murfi. Shi ya zauna nesa kaɗan yana mini fira irin ta baƙi, ya hanya, ya mutanen Gusau, ya Alhaji. Ina jin tarin ƙannena ta bayan zana. In na ce na ƙoshi ya ce ba a yi wa mai gida haka. Haka nan nake haɗiye tuwon nan yana kallo.

A gari kuwa sunan ya bi shi. In ya wuce majalisa sai wani ya ce, "Malam Mamman, an fito?" a kwashe da dariya. Mutanen da ya kwasa zuwa Gusau su suka fi kowa, don sun sha rana da laka a banza, kuma ba su yafe ba. Shekara ta zagayo aka zauna rabon kwanakin gayya, Ɗan-Ige ya tambaya a gaban kowa ko bana gona za a ko yawon buɗe ido. Baba ya tashi ya bar wurin. Bai ƙara kiran gayya ba har ya bar duniya.

Bayan kaka na je kotu na yi takardar rantsuwa, aka buga a jarida cewa daga yau ni ne Lawali Garba Karakkai. Na sa takardun a leda na hau mota. Na same shi da hantsi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar hauya. Na durƙusa na miƙa masa. Na karanta masa da Turanci, na fassara, na ɗora yatsana a kan sunan na ce, "Baba, ga shi nan. Garba. Ga hatimin alƙali."

Ya goge hannu a riga ya karɓa. Ya daɗe yana kallon wurin da yatsana ya nuna. Na ce a raina yau dai an gama.

"Madalla," ya ce. "Wagga takarda, magana take yi?"

"A'a, Baba."

"Za a sake tara mutanen nan a rana, a hwaɗa musu?"



Ya ninke ta yadda na kawo ta, ya mai da ita cikin leda, ya miƙo mini da hannu biyu. Sannan ya juya ya ɗaga murya zuwa cikin gida.

"Ku ɗora tukunya. Mun yi baƙo."